Wai da gaske ne ana ɗiga nonon tumfafiya a ido?

Maman Khalifa: Slm jama'ar gida barkanmu da war haka. Dan Allah tambaya gareni kuma ina son amsar waɗanda suka sani. Wani saƙon murya ne yake ta yawo a guruf guruf na mata, wani mutum yana cewa wai a samu tumfafiya a karya ganyen a ɗiga farin nonon nan a ido yana wanke yana tas, wai kuma a dafa saiwar a dinga shan kofi safe da yamma yana maganin suga da basir da sanyin ƙashi. To surukata tana da yanar ido, likita yace sai anyi aiki ita kuma tsoron aikin take kamar me, tunda taji saƙon nan ta hana kowa sakat wai sai an samo mata, har ta aiki yaro ya duba mata wajen Farin Gada. Ni dai hankalina bai kwanta ba

Nura Rikkos: Wslm. Anti kar ki soma wlh, kar ma a bari ganyen ya shigo gidan. Mu tun muna yara abu na farko da ake ja mana kunne akai kenan, in ka taɓa tumfafiya kar hannunka ya kai ido

Hajiya Binta: Innalillahi. A ido?? Wane marar tsoron Allah ne ya ɗauki wannan muryar

Anti Rabi (nas): Maman Khalifa ki kirata yanzu yanzu kice ta dakata, kar ki jira sai an gama muhawara anan. Na daɗe a ɓangaren ido kuma irin wannan muna ganinsa, yawanci ma ba da gangan bane, mai sharar gona ne ko yaro ya karya reshe abin ya fantsama masa. Abin da yasa tafi haɗari shine ba kullum take zafi sosai ba, mutum zaiji ɗan raɗaɗi ya murza ya cigaba da harkarsa, sai bayan wasu awoyi yaga duniya tayi masa hazo kamar an rufe da farin ƙyalle. Gilashin gaban idon ne yake kumbura ya sha ruwa, saboda dafin yana ratsawa ya taɓa wasu ƙwayoyi dake can bayansa waɗanda aikinsu tsane ruwan, kuma ƙwayoyin nan in sun mutu basa sake fitowa. Da yawa ganin yana dawowa cikin sati ɗaya ko biyu idan anzo da wuri an bada maganin ɗigawa, amma tsohuwa da dama idon nata da rauni ba wanda zai miki alƙawari. Ita kuma yanar ido can ciki take a bayan baƙin ido, babu wani abu da za'a ɗiga daga waje ya narkar da ita, na bature ko na gargajiya. Aikin kuma in dai ba wata matsala ko awa ɗaya baya kaiwa, ba'a ma sa mutum barci, idon kawai ake kashewa

Maman Khalifa: Na kira maigidan yanzu yace zai wuce can daga kasuwa. Nagode Anti Rabi Allah ya saka

Baba Audu Gangare: Assalamu alaikum. Ni na tashi a ƙasar Kazaure kafin mahaifinmu ya taho Jos aikin kuza, can kuwa tumfafiya ko ina ka waiga gata nan, bakin hanya, bayan gari, tsohuwar saura, maƙabarta. Zan faɗi abin da na gani da idona a hannun iyaye da kakanni. Ganyen ana gasa shi a garwashi har yayi laushi, a shafa man shanu ko man kaɗe a ɗaura a gwiwa ko inda ya kumbura. Nonon ana ɗiga shi a kan makero, da inda kunama ta harbi mutum, da inda ƙaya ta karye a ƙafa. Lokacin da ake fama da kurkunu ma ana sawa a bakin gyambon. Itacen in ya bushe bashi da nauyi kuma gara bata cinsa, shi yasa ake sa shi a jinkar ɗaki da rumbu. Ɓawon ana sule shi a tufka igiya mai ƙarfin gaske. Maharba suna ƙona itacen su sami gawayin haɗa albarushi. Audugar cikin ƙwallon kuma mata suna tarawa su cusa a matashin kai. Duk wannan na gani. Amma ɗigawa a ido ban taɓa gani ba ban taɓa ji ba, kakata in ta ganmu muna wasa kusa da ita da zabori take biyo mu tana cewa zaku makance

Hajiya Binta: Baba ka tuna min da ƙwallon nan, kore shar kamar mangwaro ka taka yace fus babu komai ciki sai iska da auduga. In ya bushe ya tsage kuma iska ta kwashi audugar kowace da ɗan iri a gindinta

Sadiq Bauchi Road: Ni fa gaskiya wannan shine matsalata da maganin gargajiya gaba ɗayansa. Babu awo babu gwaji, kowa ya tashi da safe ya buɗe TikTok ya zama dakta. Gara a hana baki ɗaya kowa ya tafi asibiti

Malam Sale mai magani: Sadiq ɗana sannu. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Sana'ar nan gadonta nayi wajen mahaifina shima ya gada, kuma ina gaya maka wanda yayi wancan saƙon ba ɗan sana'a bane, ɗan neman mabiya ne. Babu mai maganin da ya san abin da yake yi da zai kai tumfafiya ido. Ko a fata ma muna da ƙa'ida, ba'a sa ta a buɗaɗɗen ciwo mai jini, ba'a sa wa jariri, ba'a bari ta taɓa gaba ko leɓe, mace mai ciki kuwa ko kusa, don tana taɓa ciki kuma matan da suka yi gangancin nan wasu ba cikin kaɗai suka rasa ba har da ransu. Amma kuma kar a ce itacen banza ne. Saiwar tana shiga haɗi, ana shanya ta sosai a daka a ɗebi ɗan kaɗan a haɗa da wasu itatuwan, ba wai a dafa tukunya a kama sha da kofi kamar shayi ba. Wannan kam kisan kai ne

Famasis Hadiza: Salam. Allah gafarta Malam na yarda da kusan duk abin da ka faɗa, kuma naji daɗi da daga bakinka maganar ido ta fito don mutane sunfi jin naku akan namu. Inda zamu rabu shine maganar sha, ko da ɗan kaɗan ne. Bari inyi bayani dalla dalla don kar ace ƙin gargajiya ne kawai. Tumfafiya a littafin kimiyya Calotropis procera ake ce mata, kuma an daɗe da gano abin da ke cikinta, akwai sinadarai irinsu kalotirofin da uskarin waɗanda kai tsaye zuciya suke nufa. Danginsu ɗaya da digoksin, maganin da ake ba masu ciwon zuciya, wanda shima daga ganyen wani fure na ƙasar Turai aka samo shi, wani likita a Ingila William Withering ya rubuta bayanin magani da irin furen tun 1785. To digoksin ɗin nan duk da a masana'anta aka auna shi, ƙwaya ɗaya ko rabin miligiram bata kai ba, amma har yau yana cikin magungunan da muke jin tsoro, saboda tsakanin adadin da yake magani da adadin da yake kisa tazarar kaɗan ce ƙwarai, har jini ake ɗiba a duba yawansa a jikin mara lafiya. Yanzu saiwar da aka tono a Toro da wadda aka tono a Azare, ta rani da ta damina, ta tsohuwar bishiya da ta sabon tsiro, ƙarfinsu ba ɗaya bane, kuma ido baya ganin bambancin. Yatsa uku na yau ba shine yatsa uku na gobe ba

Malam Sale mai magani: Hajiya Hadiza ina jinki. Amma shekara da shekaru muna bayarwa, da tana kashewa a yadda muke bayarwa ai da an sani, gari ɗaya muke zaune da mutanen, muna haɗuwa a masallaci da wajen suna da jana'iza

Famasis Hadiza: Malam ai nan ne gizo yake saƙar. Wanda dafin nan ya kama ba wani abu na daban ake gani ba, amai ne da gudawa da jiri da yawu, sai bugun zuciya ya ragu ko ya rikice. In tsoho mai shekara saba'in ya kwanta da daddare bai tashi ba wa zai ce garin da ya sha da la'asar ne? Cewa za'ayi kwana ya ƙare, a kai shi makwanci kafin azahar, mu kuma ba'a binciken gawa a al'adarmu. Kuma mutanen da mahaifinka Allah ya jiƙansa yake ba magani ba irin na yanzu bane, na yanzu zai zo wajenka alhali da safe ya sha maganin hawan jini da na fitsari irin Lasix, wani ma digoksin ɗin kansa yake sha, wani ƙodarsa ta fara taɓuwa saboda suga bai sani ba. Maganin fitsarin nan yana zubar da gishirin fotasiyam daga jiki, in kuwa ya ragu to ƙarfin irin wannan dafin a zuciya ƙaruwa yake. Kaga adadin da lafiyayyen manomi zai sha ya tashi ya tafi gona shi zai iya kwantar da wannan

Malam Sale mai magani: Wannan magana ta maganin fitsari abar dubawa ce. Ni dama duk wanda yace min yana shan maganin zuciya na asibiti bana haɗa masa da komai mai ɗaci irin wannan. Amma in ce na daina gaba ɗaya, a'a, akwai larurar da na ga aikinta

Sadiq Bauchi Road: To kun gani ai, har yanzu dai za'a cigaba da bayarwa

Dakta Auwal (likitan dabbobi): Sadiq ka ɗan sassauta. In aka bi taka aka rufe ƙofa baki ɗaya ai da maganin maleriyar da kake sha yanzu babu shi, atemisinin daga ganye aka ciro shi a ƙasar Sin kuma matar da ta jagoranci aikin Tu Youyou har kyautar Nobel ta samu a 2015, kuma a tsoffin littattafan maganin gargajiyarsu ta samo hanyar. Kwinin daga ɓawon itace ne. Anan gida ma cibiyar binciken magunguna ta ƙasa NIPRD da ke Idu a Abuja sun fitar da maganin Niprisan na masu sikila daga haɗin da wani mai maganin gargajiya ya kai musu, a ciki akwai masoro da kanumfari da karan dafi. Abin da ake nema shine irin su Malam Sale da irin su Hajiya Hadiza su zauna tebur ɗaya, ga tsangayar harhaɗa magunguna nan a Jami'ar Jos ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa NVRI a Vom da take nan tun 1924, ana binciken dabbobi da tsirrai masu dafi, ba nisa. Ta ɓangarenmu kuma, dabba tafi mutum wayo akan tumfafiya. Saniya bata kulata in dai akwai ciyawa. Akuya da raƙumi suna ɗan tsinkar fure da busasshen ganye da rani in abinci yayi wuya, kuma matsalar da muke gani yawanci sai an ɗaure dabba da yunwa ko an yanko ta cikin harawa ta ci da yawa. Shi yasa duk filin da kuka ga tumfafiya ta mamaye to alama ce an cinye komai an bar ta ita kaɗai, ƙasar ta gaji da kiwo ko da noma

Nura Rikkos: Dakta shi yasa kenan bata da yawa a cikin Jos? Ni sai na gangara hanyar Bauchi nake fara ganinta sosai

Dakta Auwal (likitan dabbobi): Eh ƙasa mai zafi da yashi take so. Mu nan muna sama da mita 1,200 ga sanyi ga ruwan sama, sai jefi jefi a kangon fili ko bakin kwalta. Daga Sahel ɗinmu har Sudan da Saudiyya da Indiya duk tana nan, alhazai ma suna ganinta a hanyar Makka zuwa Madina. Namu na nan Filato da ya kamata a ja wa yara kunne akai shine kyarana, wadda ake shinge da ita a ƙauyukan Birom, da tinya da ke kan duwatsu. Su nasu nonon in ya shiga ido ba'a jiran awoyi, nan take mutum zai fara ihu

Buba na Toro: Salamu alaikum. Ni Bafillace ne kuma ina da magana akan cewa wai ba'a cin tumfafiya ko kaɗan. Innata a wajen Ilori ta girma, can Fulani da ita suke yin wara, wato awarar madarar shanu, har Jamhuriyar Benin haka akeyi. Yadda takeyi, a tatso madara da safe sabuwa fil a tace a ɗora a wuta marar ƙarfi. Sai ta tsinko ganye da ɗan ƙaramin reshe ta daddaka, ta zuba madara mai ɗumi kaɗan a ƙwarya ta murje ganyen a ciki ta tace da kyau kar ko ɓurɓushi ya wuce, sai ta juye a tukunyar. Kana tsaye zakaga madarar ta fara kamewa tana rabuwa, fari ya taru a sama ruwa mai ɗorawa ɗorawa ya koma gefe, ta ƙara wuta ya tafasa sannan ta kwashe cikin ƴan ƙananan kwanduna ruwan ya tsiyaye. Mun ci mun girma lafiya lau, a Ilori da Oyo a titi ake sayarwa a soya a sa a miya. In ganyen yayi yawa dai tana ɗaci ba mai saya. Mu dai abin da muka ɗauka wuta ce take kashe dafin

Hajiya Binta: Ikon Allah, ashe warar da muke saya a tasha in munje kudu da tumfafiya akeyi. Yau na sha mamaki

Famasis Hadiza: Malam Buba gaskiya ka faɗa kuma wannan yana cikin amfaninta da aka tabbatar, a cikin nonon akwai wani sinadari na daban da yake tsinka madara ta kame, shi ake nema a wara. Amma dan Allah kar a ɗauka cewa tafasa tana kashe mai taɓa zuciyar, irin waɗannan sinadaran suna jure wuta, shi yasa dafaffiyar saiwa take da haɗari. Abin da yake tsare masu cin wara shine ƴan ganye kaɗan ne a tukunya guda ta madara, an tace, an kuma tsiyaye ruwan an zubar. Ka duba ma yadda innarka take yi, ta san iya adadin, ta san in ya wuce zai yi ɗaci ta yi asara. Wannan awo ne, kuma duk wanda ya ci yana gwada mata shi a harshensa. Mai saƙon murya kuwa cewa yayi kofi safe da yamma, kofin wa? saiwa nawa? ruwa nawa? har tsawon yaushe? bai faɗa ba don shi kansa bai sani ba

Baba Audu Gangare: Yarinyar nan Allah yayi miki albarka. Maganar awo ta tuna min, a garinmu ba kowa ke taɓa irin waɗannan itatuwa ba. Maharba su ke da kwankwani da suke dafa dafin kibiya, suna ƙara nonon tumfafiya ko na tinya a ciki, kuma a daji suke dafawa nesa da gida ba'a yarda yaro ko mace su je wurin ba. Majema su ke da fataka, ita ma mai farin nono ce, da ita suke gyaran fata. Wanzami da nasa, ungozoma da nata. Kowa ya san iyakarsa kuma in ya yi ɓarna an san ƙofar gidansa, mai unguwa zai aika a kira shi. Yanzu wanda yake ba ka magani ko fuskarsa baka sani ba

Ustaz Kabiru: Assalamu alaikum warahmatullah. Naga wasu suna kafa hujja a irin waɗannan saƙonni da cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Hadisin ingantacce ne, amma a wata ruwayar an ƙara da cewa wanda ya sani ya sani wanda ya jahilta ya jahilta. Kuma akwai hadisin da yake cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba'a san shi da ilimin magani ba to shi ke da alhakin abin da ya faru, malaman fiƙihu sun gina hukuncin biyan diyya akansa. Wanda ya tura saƙon gaba shima ya binciki kansa, yatsa ɗaya ka danna ya shiga gida ɗari. Sannan ƴan uwa masu ruƙiyya da suke cewa a sha tumfafiya don sihiri ko aljanu, ni ban san wani nassi da ya zo da haka ba, su ji tsoron Allah

Malam Sale mai magani: Allah ya ƙara ilimi Ustaz. Hayaƙi da wanka dai mun gada ana yi, sha don aljanu kuwa sabon abu ne na ƴan kasuwa

Sadiq Bauchi Road: Toh naji, na janye maganar a hana gaba ɗaya. Amma NAFDAC fa ina aikinsu? Naga masu sayar da garin a roba har da lamba a jiki

Famasis Hadiza: Lambar da suke ba maganin gargajiya, in ma ta gaskiya ce ba bugun bayan kasuwa ba, zakaga harafin L a ƙarshenta. Ma'anarta an duba ba'a ga cutarwa a samfurin da aka kai ba, ba wai an tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta ba, in ka duba kwalin da kyau zakaga an rubuta cewa hukumar bata tantance iƙirarin ba, da ƙananan baƙaƙe. Wanda ake ƙullawa a leda a tasha kuwa ba wanda ya taɓa duba shi. Kuma masu suga dan Allah, babban abin da nake gani a shago ba ma dafin bane, ajiye maganin asibiti akeyi a koma saiwa wata uku, sai an dawo da ƙafa ta ruɓe ko ido ya tafi

Maman Khalifa: Jama'a maigidan ya kira, Alhamdulillah yaron bai samo ba, kuma na karanta mata bayanin Anti Rabi a waya. Tace ita tsoronta kar a cire mata idon a ajiye a faranti wai haka taji anayi

Anti Rabi (nas): Allah sarki Mama. Wlh ba'a cire ido, yana nan a mazauninsa, ƴar ƙofa ake yi a gefe a fitar da abin da ya yi farin a sa na roba mai haske a madadinsa, washegari a buɗe bandeji. Ki nemo mata wata tsohuwa sa'arta da aka yi wa su zauna su yi hira, yafi duk bayanin da zamu yi. Akwai ɓangaren ido a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos JUTH can Lamingo akwai a asibitin Jankwano, kuma lokaci lokaci ana yin na kyauta a gari a dinga saurara. Sannan tunda ana nan bari in faɗi abin yi in tsautsayi ya sa nonon tumfafiya ko kyarana ya shiga idon wani. Kar a murza. A samu ruwa mai tsabta, fiya wata ma ya isa, a buɗe idon da yatsu a dinga kwarara ba tsayawa kamar minti 15 zuwa 20, a karkata kai yadda ruwan ba zai gangara cikin ɗaya idon ba. Kar a sa nonon uwa, kar a sa ruwan suga ko zuma ko kwalli ko fitsari, kar a je kemis a ce a bada maganin afolo. Daga nan sai asibiti a ranar, ko da mutum yace baya jin zafi, kuma a faɗa wa likita sunan itacen. In kuma yaro ne ya tauna ko wani ya sha, kar a tsaya ba shi manja ana jiran ya yi amai, a tafi da shi da ragowar abin da ya sha

Hajiya Binta: Anti Rabi manja fa shi muka sani tun tasowa, duk wanda ya sha guba manja ake ɗura masa

Anti Rabi (nas): Na sani Hajiya, amma baya hana dafin shiga jini, kuma in aka ɗura wa wanda ya galabaice yana iya shaƙewa ya wuce huhu, ga lokacin da aka ɓata

Nura Rikkos: Admin dan Allah a maƙala wannan bayanin a sama. Sannan akwai guda biyu manya a kangon da ke bayan islamiyyar layinmu, yara suna tsinko ƙwallon suna jifan juna da shi in an tashi. Ina ganin mu sare su ranar Asabar

Dakta Auwal (likitan dabbobi): Sara kawai ba zai yi ba Nura, saiwarta tana nitsewa ƙasa sosai, in ka sare sama kafin damina ta fita ta sake tofowa da rassa fiye da na da. Sai an haƙa an tono gindin. Ku fara tsinke ƙwallayen ku zuba a buhu kafin su tsage iri ya watsu. Kowa ya sa tabarau ko da na masu acaɓa ne, da safar hannu ko leda, da riga mai dogon hannu, don lokacin sara ne yake fantsama. Kar a bar yara su taya, kuma kar a zubar da ganyen inda tumakin unguwa suke kiwo

Malam Sale mai magani: In za ku tono ku kira ni in zo da diga, na san yadda ake bi da gindin. Itacen kuma kar a ƙona, a jingine shi ya bushe, akwai mai ɗakin kaji a layinmu da gara ta dame shi

Buba na Toro: Ni ma in na shigo Ƴan Shanu ranar zan biyo in ɗebi ganye kaɗan, inna ta daɗe tana cewa a samo mata

Nura Rikkos: To Asabar bayan sallar asuba kafin ƴan makaranta su fito. Zan yi wa mai filin da shugaban makarantar magana yau da daddare, mai shebur ko buhu ya taho da shi